Giwa Ta Dawo

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

…mu ji ta ɗin, in har za ta jiwu. Ga ta dai tsaye a ɗakin ɗaukar murya, takarda a hannu, abin sauraro a kunne, ƙafafunta a kan layinta. Har yanzu yana nan, ɗan jan salatif ɗin da injiniya ya manna a ƙasa tun kansa bai san furfura ba. Ya koɗe, bakinsa ya ɗago, amma ba wanda ya ɓare shi. Kowa a wurin nan dab da makirufo yake tsayawa, kamar mai yi wa aminiya raɗa. Ita kaɗai aka kai can baya, jikin bango. Lasifika. Injiniyan ne ya laƙaba mata, sunan ya bi ta har gida. Wai in ta matso za ta fasa masa kaya, kuma kunnensa ba na aro ba ne.

Da ke nan. Yanzu kuwa…

Ta haɗiye yawu, tabon wuyanta ya ja. Ƙari ne, in ji likita, an cire, sai godiya. Murya za ta dawo. Duka? Sai ya hau gyara abin da bai karkace ba a kan teburinsa. Wata da watanni tana buga cokali a jikin kofi in tana son ƙanwarta ta zo. Ita fa. Ita da in ta yi atishawa maƙwabta ke amsawa.

Giwa kuma tana jira. Shekara da shekaru ita ce muryar Giwa a shirin katun na yara. Da ta kwanta asibiti, marubuta suka tura Giwa ganin dangi a ƙetaren kogi. Ziyara ta yi tsawo, har wata yarinya ta aiko tambaya ko Giwa aure ta yi a can. Sai ga darakta a gida — 'yar cikinta ce a shekaru, ga kunya — ta ɗosana a bakin kujera, ta yi ta kewaye-kewaye kafin ta fito da shi: masu shirin sun gaji da jira. A gwada yau. In bai yiwu ba, akwai wadda ta iya kwaikwayon muryar. Tana ɗakin jira yanzu haka. Ta ganta da shigowarta, har ƙasa ta durƙusa ta gaishe ta. Mene ne laifinta? Kowa da ranar da aka buɗe masa ƙofa…

Jar fitila ta kama.

Yara, na dawo. Abin da ke takardar ke nan. Ta cika ƙirji kamar yadda ta saba, ta jefa — abin da ya fito kamar ƙofar da ta shekara ba ta ga mai ba. Bayan gilashi allurar na'ura ko gezau. Injiniya bai ɗago ba.

Ƙara, uwata, ban ji ba!

Baba ke nan, a bakin injin niƙa, gari har a girarsa. Ƙugin injin ya cinye masa kunne ɗaya, ya gutsiri ɗayan. Ita ke kai masa saƙon mata, wannan a niƙa da laushi, waccan ta ce sauri take yi, kuma sai ta danne ƙarar bel da ƙarfe kafin ya ji. A nan ta yi makarantar murya. Wa ya koya mata? Inji. Ranar da ta fara hawa dandamali, mai horar da su ya ce a yi magana don na bencin ƙarshe. Ta yi dariya a ciki. Ai na bencin ƙarshen nata ne, Baba: can bakin ƙofa yake zama, hula a gwiwa, don kada ya ɓata wa mutane kaya da gari. Ta yi sarauniya, ta yi mayya, ta yi mai sayar da kifi mai bakin tsiya, ta yi uwar da ta zautu. Ranar da wuta ta ɗauke ana tsakiyar wasa, kowa ya daskare, ita ta ci gaba, ta ɗauki zauren nan kaf a maƙogwaronta har aka sauke labule. In an tashi ba ya cewa ya yi kyau, ba ya cewa bai yi ba. Na ji ki, uwata. Shi ke nan. Ya sa hularsa.

Ƙasa ta rufe shi tun tuni. To wa take jefa wa murya har yau?

A sake, Anti, in ji darakta ta cikin abin kunne, a hankali kamar mai tashin majinyaci.

Kada ki matsa wa maƙogwaron, haka likita ya ce. To in ba ta matsa ba, da me za ta kai? Daga nan zuwa makirufo tafiya ce. Ta sake jefawa. Wuta ta tsarge wuyanta, tari ya turnuƙe ta, takarda ta faɗi. Ruwa… ina ruwan… A kira yarinyar da ke ɗakin jira kawai. A bar tsohuwa ta tafi da mutuncinta, ta koma buga cokali.

Ƙofa ta buɗe. Injiniya ne, shi da ba ya taka ɗakin nan in jar fitila na ci, ko gobara ake. Yana jan gwiwarsa mai ciwo, ya zo har gabanta, ya duƙa da ƙyar. Takardar zai ɗauko mata? A'a. Farce ya sa yana kankare salatif. To. Ashe haka ake sallamar mutum: a ɓare wurin tsayuwarsa tun yana tsaye a kai.

Ya miƙe yana nishi, ya naɗe ɗan jan abin, ya jefa a aljihun gaba.

"Lasifika, na ƙarar da ƙuruciyata ina korar ki daga bakin abin nan. Yau matso."

"Kayan naka fa?" Da ƙyar ya fito.

"Fasa. Dama sun tsufa, kamar mai su."

Ya fita, ya ja ƙofa.

Matsowa… Ƙafar ta ƙi. A can baya ta san kanta. Nan kusa fa? Abin nan ba ya rufa asiri. Zai ji numfashi, ya ji tsagar da wuƙar likita ta bari, ya ji shekaru. Ta ɗaga ƙafa dai. Ashe akwai ɗan lotsawa a ragar makirufon, duk zaman nan ba ta taɓa gani ba. Sanyinsa na taɓa leɓenta —

— zazzaɓi. Tana ƙarama, kwance a tabarma bayan buhuna, harshe ya bushe, murya ta ɗauke. Sai ƙugi ya tsaya. Da rana tsaka, mata na layi da kwanukansu suna mita, Baba ya kashe inji. Ya durƙusa, ya kawo kunnen nan mai sauran rai har bakinta, gari na zubo mata a kumatu. Faɗi, uwata, ga ni. Me ma ta ce? Ruwa. Ko ita ba ta ji kanta ba. Shi ya ji.

Ashe ba kullum murya ke tafiya ba. Wani lokaci kunne ne ke zuwa.

Jar fitila. Ba ta cika ƙirji ba. Ba ta nemi bencin ƙarshe ba.

"Yara… na dawo."

Wace ce wannan a cikin kunnenta? Murya mai kauri, mai nauyi, da ɗan kaushi a gefe, kamar ta wadda ta sha hanya, ta ƙetare ruwa, ta iso da ƙurar tafiya a jiki. Allura ta ɗaga, ta yi lilo, ta tsaya a tsakiya. Ba Giwar da ba ce. To wa ke dawowa daga doguwar tafiya da muryar da ya tafi da ita?

Bayan gilashi injiniya ya lumshe ido, hannunsa dafe da aljihun gaba. Darakta ta rufe baki da tafi — kuka ne, ko dariya, ko tunanin abin da za ta gaya wa masu shirin? Hasken gilashin ya hana gani. Ba ta dai ce a tsaya ba. Fitilar ba ta mutu ba.

Wuya na zafi, amma zafin da ake iya zama da shi. Shafi guda cur yana jira, ga ƙarfi ɗan kaɗan… Layi na gaba dai. Shi kaɗai tukuna. Ta jawo numfashi, a hankali, kusa, kusa da kunnen nan —

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera. Ba don jar fitila na ci ba, da na leƙa na jiyo muku sauran.