Zanen Fuskar Iya

Dogo ɗan fari ne, don haka Iya ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma taɓa zama hira da shi ba. In tana son ya ci tuwo, sai ta dubi bango ta ce, "A gaya wa wancan abinci na hucewa." Haka al'ada take a Ɗanzomo, shi ma ya sani. Amma sanin bai hana shi jin haushi ba duk sanda ya dawo daga gona ya tarar da ƙanensa Ɗantsoho kusa da ita, tana kaɗi suna dariya, da ya yi sallama kuwa sai ta kawar da kai ta yi shiru.

Sunan mahaifinta Ɗantsoho ya ci, wato Haladu, shi ya sa ta yi masa laƙabi. Ban da wannan, Dogo bai san komai game da asalinta ba sai abin da duk gari ya sani: mahara sun ɗauke ta tana yarinya, ta girma a ƙasar Damagaram, daga baya wani falke ya zo da ita, mahaifinsu ya fanshe ta ya aura. Hausarta ta can ce, don haka kowa ya ɗauka 'yar arewa ce.

Ta rasu shekara biyu bayan yunwar Kakalaba. Ranar sadakar arba'in, Ɗantsoho ya gyara zama gaban dattawa ya ce, "Iya ta bar mini wasiyya in nemo danginta. Sunan garin ya ɓace mata, amma ta ce mahaifinta maƙeri ne, kuma akwai rijiya a gindin tsamiya a ƙofar gidansu. In an gama kaka zan yi arewa."

Dattawa suka yi ta sa masa albarka. Dogo na gefe yana raba waina. Shekara arba'in yana gida ɗaya da matar nan, yau ne ya fara jin kakansa maƙeri ne, a bainar jama'a, kamar baƙo.

Amma akwai abin da ya fi ƙanensa sani. Da yake kullum gefen fuskarta take juyo masa, ya haddace zanenta tsaf. Ranar kasuwar Maigatari ya ce zai je sayen kanwa, ya wuce rumfar wanzamai wurin wani tsoho, Mati, wanda aka ce ba zanen da bai sani ba. Ya tsuguna ya zana a ƙasa da tsinke: tsaga uku a kowane kunci, da wata 'yar ƙarama ƙarƙashin kunnen hagu mai kama da sawun kaza.

Mati ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Ukun nan kowa na yi. Wannan ta kunne kuwa ba askar arewa ba ce. Gida ɗaya na san suna yin ta, wanzaman maƙera, can kudu wajen Gagarawa. Ka tambayi Tsamiyar Maƙera."

Dogo ya share zanen da tafin ƙafa. Ashe yini ɗaya ne a ƙafa tsakanin Iya da gidan ubanta, duk shekarun nan.

Ya koma gida bai ce wa kowa komai ba. Da aka gama ɗaure gero, Ɗantsoho ya ɗora wa jakinsa kaya ya zo sallama. Ya ce, "Yaya, ko kana da abin da za ka ƙara mini?"

Dogo ya ce, "Ni me aka taɓa gaya mini? Kai ne mai wasiyya. Allah ya kiyaye hanya."

Ya tsaya yana kallo har jakin ya ɓace a hanyar arewa. Bayan kwana uku shi ya yi kudu.

Ya sami ƙauyen, ya sami tsamiyar, rijiyar ta rufta amma bakinta na nan. Maƙerar ta mutu tuni. Aka kai shi wurin wata tsohuwa mai suna Hajjo, 'yar Haladu maƙeri, ita kaɗai ta rage. Tana juyowa ya ga sawun kazar ƙarƙashin kunnenta. Ya durƙusa ya ba ta labari duka.

Hajjo ta saurara, fuskarta ba ta motsa ba. Ta ce, "An ɗauke mini yayata, gaskiya ne, muna korar tsuntsu a gona. Amma ɗan nan, lokacin yunwa mutum uku suka zo da wannan labarin, kowa ya ci ya tafi. Zane kowa na iya ganinsa a fuskata. In kai ɗanta ne, gaya mini sunan da muke kiranta a gida."

"Azumi, Inna."

"Wannan sunan da suka sa mata ne can. Na gida nake tambaya."

Dogo ya ce bai san wani suna ba sai wannan. Hajjo ta sa aka ba shi fura, ta ce ya gaida mutanen Ɗanzomo.

Wata biyu Ɗantsoho ya yi a arewa. Ya dawo a ƙafa, jakin ya mutu a hanya, zazzaɓi ya ramar da shi har wuyansa ya yi tsawo. Ya bi garuruwa fiye da ashirin, ba maƙerin da ya san Haladu. Dogo ya kwana biyu yana kewaya ɗakin ƙanensa, a rana ta uku ya shiga ya zauna a bakin ƙofa.

Ya ce, "Wane suna ake kiran Iya a gidansu?"

"Me ya kawo tambayar?"

Dogo ya sunkuyar da kai ya faɗi komai, har da ranar da ya je wurin Mati. Ɗantsoho ya ƙirga kwanakin a ransa. Ya ce, "Wato ranar da na zo sallama ka sani."

"Na sani."

"Ka bar ni na tafi."

"Kai ta ba ka duka. Ni ɗaya tak na samo da kaina, shi ma sai in miƙa maka?"

Ɗantsoho bai faɗa masa sunan ba. Da ya ji ƙarfi suka kama hanyar Tsamiyar Maƙera tare.

Hajjo na tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ɗantsoho ya durƙusa ya ce, "Inna, Kyauta ta ce in gaishe ki. Ta ce ki yafe mata, ita ta ce ki ɓuya a cikin karan dawa kada ki fito, ta kuwa san kina tsoron maciji."

Ƙwaryar gyaɗar ta faɗi daga hannunta. Tsohuwa ta rungume shi tana kuka tana shafa kansa, tana cewa goshin Baba ne, wallahi goshin Baba. Maƙwabta suka cika gidan. Ta shiga ɗaki ta fito da masabar Haladu, babbar gudumar ƙira da ta yi tsatsa, ta ɗora masa a cinya. Dogo na tsaye jikin danga. Wata mata ta tambaye shi ko shi ne ɗan rakiya. Ya ce e.

Sai da damina ta zagayo kafin Ɗantsoho ya sake cin abinci kwano ɗaya da wansa. Tsamiyar Maƙera kuwa sau ɗaya ya ƙara zuwa, don shi a wurinsa wasiyya ta cika. Dogo ne ya riƙe hanyar. Duk kaka sai ya kai wa Hajjo damin gero, ya gyara mata danga, ita kuwa kafin ya sauke kaya sai ta ce, "Ina Haladuna?" Ya ce yana lafiya, ya zauna. Daga nan sai ya fara tambaya. Wa ya haifi Haladu? Daga ina suka taso? Wa ya haƙa rijiyar? Hajjo ta yi ta ba shi, yau kaɗan gobe kaɗan, har ya kai kakanni huɗu, har ya san wanda ya fara zuwa daga gabas da zugazuginsa a kafaɗa.

Hajjo ta rasu a shekara ta huɗu, Dogo ne ya shiga kabarin ya karɓe ta. Da ya dawo Ɗanzomo, Ɗantsoho ya ce, "Yaya, an ce ta lissafa maka kakanni huɗu."

Dogo ya faɗa masa uku. Ɗantsoho ya ce, "Na huɗun fa?"

Dogo ya ce, "Ta manta shi." Ya ɗauki fartanya ya fita gona, yana maimaita sunan a hankali a hanya.