Fitilar Ba Ta Mutu Ba

Gwiwar hannun Datti ce ta fasa wa Sammani, manomi ɗan'uwansa, baki. Jini ya wanke masa gaban riga, amma Sammani bai saki ƙugunsa ba, sai ma ya ɗaga shi ya maka da ƙasa a tsakiyar albasa, wasu ƙarti suka danne masa ƙafafu.

"Ku sake ni, maƙwabcina ne a ciki," in ji Datti, bakinsa cike da taɓo.

A cikin rijiyar gona yake nufi. Gideon, mutumin Filato, katanga ɗaya ce ta raba gidansu a Bunkure, gonakinsu ma a manne suke. Da ruwan kanal, magudanar da ke shayar da gonakin, ya ɗauke, rijiyar ma ta ja ƙasa, sai suka zura injin ban-ruwa ciki don ya kamo ruwa. Injin ya yi ta aiki tun safe, can sai ya mutu. Gideon ya ce zai sauka ya duba.

Datti ba yaro ba ne, ya san rijiya tana kisa. Ya yi yadda ya ga mahaifinsa na yi: ya ɗaura fitila a igiya ya zura, in ta mutu iskar ba ta da kyau. Ta ci gaba da ci tar. Da bakinsa ya ce wa Gideon ya sauka.

Daga ƙasa Gideon har tsokana yake, wai numfashinsa ya fi na Datti mai tari, kansa ne kawai ke ɗan sara masa. Sai ya zauna, ya jingina da bango kamar mai hutawa. Ba haki, ba ihu. Shi ke nan.

Wani matashi, Mudassiru, shi ne ya fara shiga ceto da igiya a ƙugu, aka jawo shi yana amai, ido ya juye. Shi ya sa suka danne Datti. Ya yi cizo, ya yi shuri, ya zagi mutanen da suke sallah sahu ɗaya.

Da ƙugiya aka maƙalo bel ɗin wandon Gideon, aka jawo shi kansa na bugun bango. Datti ya haye ƙirjinsa yana dannawa har wani abu ya ce ƙas, ya mare shi, ya hura masa iska a baki. Leɓen nan jawur, wallahi kamar na mai rai. Ya rantse bai mutu ba.

A asibiti wata ma'aikaciyar jinya ta yi wa Datti bayani a hankali. Wai abin da ke sa jiki haki shi ne taruwar iskar da yake fitarwa. Hayaƙin inji kuwa jini yake kamawa a ɓoye, ya hana shi ɗaukar iska mai kyau, ƙirji bai sani ba. Fitila ma ba ta sani ba.

Maman Fortune, matar Gideon, tambaya ɗaya ta yi masa: "Baba Datti, ya sha wahala?"

Ya ce a'a. Gaskiya ya faɗa, kuma ita ta fi ƙona masa rai.

Da yamma ya koma gona shi kaɗai. Takalman robar Gideon na bakin rijiya a jere. Ya kama igiyar da aka manta, ya jawo a hankali. Fitilar ta fito tana ci. Ya ajiye ta kusa da takalman, ya zauna.