Kasuwa Ba Ta San Talata Ba

Shekara talatin Sumani yana tuƙa motar asibitin gundumarsu a ƙasar Dagomba, bai taɓa ganin an jera marasa lafiya a jikin bango ba sai da Madam Dufie ta zo daga Kumasi. Asibitin ya haɗa hannu da ƙungiyoyin gari, masu rabon abinci da masu kula da tsofaffi da masu yin ƙafar roba, ita kuwa aka ce ta zana taswirar da za ta nuna wa ke iya isa wajensu. Kowane majinyaci ɗigo ɗaya ne. Ja na nesa ne, ƙungiya ta bi shi gida. Kore na kusa ne, shi zai kawo kansa.

Wumbei na ƙauyen Gbanyili, abokin Sumani tun suna kiwon awaki, kore ne. Ciwon suga ya ci masa ƙafar hagu, aka yanke ta a gwiwa. Masu ƙafar roba ranar Talata kaɗai suke awo, kuma dokarsu wanda ya yi fashi sau uku a ba wani gurbinsa. Wumbei ya yi biyu.

"Baba Sumani, mutumin nan naka taurin kai gare shi," in ji Madam Dufie ranar Litinin, yatsanta kan ɗigon. "Kilomita tara, hanya kuwa lafiya lau. Gobe in bai zo ba, zan cire shi."

"'Yata, wa ya gaya miki lafiya lau?"

"Na'ura ta auna."

"To na'urar ta taɓa tsayawa jiran mota a Gbanyili?"

Ya ɗauko makulli ya ce ta shigo, yanzu za su dawo.

Hanyar kam lafiya lau ce, ba ta yi ƙarya ba. Sai dai tun daga gari har ƙauyen ba su haɗu da abin hawa ko ɗaya ba, in ban da wata mata a kan keke da itace. A tasha tumaki ne kwance a inuwar rumfa.

Suka tarar da Wumbei a gindin kaɗanya yana ɓare gyaɗa.

"Kai gurgu, ka ƙi zuwa a auna ka!" in ji Sumani.

"Tsohon banza, da ƙafar wa zan zo? Taka ka ara min? Ko ita ma ai ta lanƙwashe." Ya juya ga baƙuwar ya gyara murya. "Sannu da zuwa, 'yata. Ku ne masu Talata?"

Ta ce su ne.

"Mota nan ranar kasuwar gari take zuwa, sau ɗaya, ta kwashe doya da mutane. Kasuwa kuwa kwana shida-shida take ci." Ya ɗaga yatsu. "Wadda ta wuce Juma'a. Mai zuwa Alhamis. Sannan Laraba. Sannan taku Talatar. Na lissafa tun ranar da aka ba ni takardar."

A garin su Madam Dufie kasuwa tana da ranarta a mako, ba ta gusawa. Ta buɗe littafinta ta yi ta jan layi, ta ga Talata da kasuwa sau ɗaya suke haɗuwa a mako shida.

"Me ya hana ka faɗa a asibiti?"

"An tambaye ni nisan garinmu, na faɗa. Ba wanda ya tambaye ni mota."

A hanyar komawa ta tambayi Sumani ƙauyuka nawa ne haka. Ya riƙa kiran sunayensu, tana rubutawa, har suka kai goma sha huɗu. Duk kore ne a bangonta.

Da suka isa ta kira shugaban masu ƙafar roba. Sumani yana goge gilashin mota yana jiyo ta ta taga. Mutumin ya ce tun kafuwarsu Talata suke aiki. Ta ce to ya ci gaba da auna kujerun da ba kowa a kai. Aka ja maganar, daga baya ya yarda ya turo mutum ɗaya ranar kasuwa, a gwada tukuna.

Ranar Alhamis da hantsi motar Gbanyili ta tsaya a ƙofar ƙungiyar. Aka sauke buhun doya biyu kafin a kai ga Wumbei. Sumani ya tallabo shi.

"A hankali, tsohon banza," in ji Wumbei. "Ɗaya ta rage min."