Abin da Baba Alamu Ke Ji Daga Bakin Ƙofa

Shekara goma sha ɗaya ina haɗa wa Baba Alamu sautin kiɗansa, amma bai taɓa zama a ɗakin aikina ba. Ɗakin yana bayan wani shagon ɗinki a Oke-Ado, taku huɗu tsawo, taku huɗu faɗi, na lulluɓe bangonsa da kwalayen ƙwai kamar yadda kowane mai situdiyo a Ibadan yake yi. Baba ya ce warin ƙwan yana tayar masa da zuciya. Sai ya tsaya a bakin ƙofa, ya tattare babbar rigarsa a kafaɗa, ya saurara daga can.

Kullum maganarsa ɗaya ce: "Folarin, ina uwar gangar?"

Yana nufin babban kalangunsa, mai kaurin murya, wanda sauran makaɗa ke bi. Ni kuwa a kujerata, bayana jingine da bango, manyan sifikuna biyu cushe a kusurwoyi, gangar har ƙirjina take duka. Rage ta ma nake yi don kada ta danne mawaƙi.

"Baba, tana nan, har ta yi yawa."

"To," in ji shi. "Kai ne mai na'ura."

Na sha faɗa wa mutane a bayan idonsa cewa kunnen tsoho ya tafi. Shekara sittin ganga na rataye a kafaɗarsa, me ya rage? Kuma na san halin makaɗa, babu wanda ya taɓa cewa a rage masa.

Ya rasu a farkon damina. Ɗaukar kiɗansa ta ƙarshe tana cikin kwamfutata ban haɗa ba. 'Yarsa Morenike, mai sayar da atamfa a kasuwar Gbagi, ta zo ta ce tana so a saka ta ranar addu'ar arba'in, a gaban mahaifiyarta da duk dangin makaɗa. Na haɗa cikin kwana biyu, da hannun da ya saba, na ba ta.

Washegari da hantsi ta dawo. Ita ma ba ta shigo ba.

"Yaya Folarin, zo mota."

"Ƙanwata, ina da aiki."

"Aikin ne a motar. Taso."

Na shiga ina ƙunƙuni. Ta rufe gilasai ta kunna. Mawaƙi ya fito tsaf, ƙananan ganguna suna ta surutu, amma inda ya kamata Baba ya amsa sai wani ɗan ƙwas-ƙwas, kamar ana ƙwanƙwasa kwali. Na ce sifikun motarta ne. Ba ta yi gardama ba, ta saka wani tsohon faifansa na tun kafin ya san ni. Ganga ta cika motar har madubi yana rawa.

"Wannan ne babana," in ji ta. "Wancan ban san ko wane ne ba."

Na koma ɗakin na kunna nawa. A kujerata ganga tana nan, ƙatuwa. Na tashi na je bakin ƙofa, na tsaya daidai inda siminti ya yi santsi saboda takalmin Baba. Babu ita. Na dawo kujera, ga ta. Na yi zirga-zirgar nan ya fi sau goma, tela yana leƙena, har na haƙura na zauna a dakali. Kunya ce ta kama ni, irin wadda ban ji ba tun ina yaro.

Na kira Sikiru, wanda muka koyi aiki tare, yanzu yana kula da sautin wani babban coci. Ya zo da yamma yana sakace bayan ya ci amala, ya dubi ɗakin ya girgiza kai.

"Har yanzu kana kiwon kaji a bango?"

"Bar wasa, Sikiru."

"Ba wasa ba ne. Kwalin ƙwai siririn sauti kawai yake taɓawa, mai kauri ko kallonsa ba ya yi. Ɗakinka kamar akwati yake, kaurin yana taruwa a kusurwa da jikin bango, kai kuma ka je ka zauna a tsakiyar tarin. Ɗakin ke ƙara maka ganga, kai kana yanke ta gaskiya. Ga waɗannan dodannin sifiku biyu, a ɗakin da ko akuya ba za ta juya ba. Ban faɗa maka ba ranar da ka sayo su?"

Ya faɗa. Na ce masa a lokacin, mawaƙin Ibadan in ya leƙo bai ga ƙatuwar sifika ba, gaba yake yi. Gaskiya ce kuwa, da su na cika ɗakin da mutane.

Kwana uku muka yi. Muka ɓamɓare kwalayen, kyankyasai suna watsewa. Muka cusa audugar rufi mai kauri a kusurwoyi huɗu daga ƙasa har sama, tela ya ɗinka wa audugar riguna da ragowar yadi, hannuwana suka yi ta ƙaiƙayi. Sikiru ya aro mini ƙananan sifiku, muka janye su daga bango, muka matso da kujerata gaba. Da na kunna haɗin nan a sabon zama, sai na ji abin da Baba ya yi shekara goma sha ɗaya yana ji. Na mayar masa da gangarsa, na gwada a motar Morenike, na gwada a tasi.

Sannan na buɗe ma'ajiyar kwamfuta neman tsofaffin ɗaukarsa, ko zan gyara. Na san amsar tun kafin na duba. Duk faifan da ya fita, goge asalinsa nake yi don samun wuri. Guda goma sha huɗu ne, kuma yadda na sake su haka za su zauna.

Ranar arba'in, bayan malamai sun shafa addu'a, aka kunna a ƙarƙashin rumfa. Da uwar ganga ta shigo, tsofaffin makaɗa suka ajiye cokulansu. Matar Baba ta aiko a kira ni. Na durƙusa a gabanta, ta riƙe hannuna da nata biyun.

"Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Kullum in ya dawo daga wajenka sai ya ce mini, wai a faifai ba ya jin kansa. Har asibitin kunne na sa Morenike ta kai shi, sau biyu." Ta share ido da bakin gyale. "Daga baya ya daina faɗa. Ya ce tunda kai kana ji, to shi ne ya tsufa."

Ta ci gaba da sa mini albarka, ni kuma ina durƙushe ina cewa amin.