Hannu Na Uku

Obin ɗin gasa nama da ke cikin motar Lindsay Purcell, irin motar nan mai ɗakin kwana da na girki, hannu uku yake buƙata kafin ya kunnu. Ɗaya ya danne maɓallin gas da ke sama, ɗaya ya kai ashana can ƙuryar ciki inda 'yar wutar da ke tayar da babbar take kamawa, na ukun kuma ya dafa ƙasa don kada mutum ya kife. Tun da suka yi ritaya suka shiga yawon ƙasa, matarsa Noelene ce mai danne maɓallin. Yau kuwa ranar haihuwarta ce, ta tafi bakin kogin Murray da karensu, shi kuma ya ci alwashin ta dawo ta tarar da cinyar rago tana gasuwa.

Ya gwada shi kaɗai. Ya danne da gwiwar hannu, ta zame. Ya tokare da cokalin katako, cokalin ya yi tsalle ya buge shi a kunne. Ashana ta kusa ƙarewa, cinyar rago na kallonsa daga faranti.

Duk sansanin matafiyan da suka yada zango mota ɗaya ce ta rage ban da tasu, ta wani mai suna Merv Dunstan. Shi kuwa Merv, da safiyar nan Lindsay ya tsaya a ƙofarsa ya yi masa wa'azi kan ƙarar janaretansa: cewa mutane sun baro gari ne don su ji tsuntsaye, kuma wanda bai san haƙƙin maƙwabci ba ya koma birni. Har yanzu yana ganin gaskiyarsa ce. Abin da ya dame shi ke nan. Idan ya ba da haƙuri don yana neman babban yatsan mutum, ai ƙarya ya yi. Idan ya nemi yatsan ba tare da ban haƙuri ba, ya zama marar kunya. Ya zauna a ƙasa yana auna wanne ya fi muni, kamar alƙalin da aka kawo wa ƙarar kansa, rana kuma tana ta yin ƙasa.

Daga ƙarshe ya je. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya ce wataƙila muryarsa ta yi sama da safe, ko da yake maganar kanta tana nan daram. Merv ya saurare shi daga kan kujerarsa, ya tambaya ko jawabin ya ƙare ko akwai ci gaba, sannan ya jawo takalminsa.

Motar ba ta da faɗi. Merv ya tsaya ya danne maɓallin, Lindsay ya durƙusa daidai ƙafafunsa, kai cikin obin, ɗuwawu a sama.

"Tunda ka riga ka durƙusa, tsoho," in ji Merv, "maimaita ban haƙurin nan da ka fara ɗazu. Ban ji sosai ba, janareta ya kashe mini kunne."

"Danne dai, maƙwabci."

"Yatsana ya fara gajiya fa."

'Yar wutar ta kama, shuɗiya, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Lindsay ya san in aka saki maɓallin kafin ƙarfen ya yi zafi, za ta mutu, kuma ashana ɗaya ta rage.

"Na yi kuskure," ya faɗa cikin obin, muryarsa ta dawo masa da amo.

Merv ya ci gaba da dannewa har wutar ta tsaya da kanta. Aka murɗa, babbar ta tashi, cinyar rago ta shiga.

Da Merv ya miƙo hannu zai ɗaga shi, Lindsay ya ce a bar shi tukuna, gwiwoyinsa ba su shirya ba. Gaskiyar ita ce wani abu yake lissafawa. Lokacin da ya furta maganar, bai ji ɗacin ƙarya a bakinsa ba, kuma wannan ya fi durƙuson ba shi haushi. A waje kare ya yi haushi, Noelene tana tambayar ƙamshin me take ji, da kuma me Merv yake yi a ɗakin girkinta.