Garin Rogo a Tankin Kwamfuta

Zafin watan Maris a Sokodé ba ya raga wa kowa, shi ya sa Fayçal ya haɗa wa kwamfutar wasansa tiyo da famfo da ɗan tanki, ruwa na zagayawa yana sanyaya ta. Wansa Alassani, direban tirela, ya iso daga Dapaong ya tarar ba ya nan, tiyon kuma yana ɗiga. Sai ya yi abin da yake yi wa lagireton motarsa in yana ɗiga a hanya: ya buɗe tankin ya zuba garin rogo.

Da Fayçal ya dawo ya kunna, garin ya kumbura, famfo ya toshe, ɗaki ya ɗauki ƙauri.

"Yaya, uban wa ya sa ka?"

Alassani ya kwaɗa masa mari har leɓensa ya fashe. "Ni kake zagi? Gyara na yi maka!"

Fayçal ya rarumi kujerar ƙarfe ya maka masa a ƙeya. Alassani ya kife, jini na bin siminti, ko motsi babu.

Sai ga Fayçal a durƙushe, yana tuttula masa tataccen ruwan da ya ajiye wa kwamfutar ya hana kowa taɓawa, yana jijjiga shi.

"Yaya, don Allah tashi ka rama."