Kwana Ashirin da Bakwai a Kwandon Shara

A maɗaba'ar ba mai kiransa da sunansa. Manaja kan ce "shugaban bugu", masu injin kuwa da ya ba da baya sai su ce Baba Tsintsiya. Ya san da sunan, bai kuma taɓa jin haushinsa ba. Shekara ashirin da ɗaya yana kula da ɗakin bugu, tun ana ɗaura farantin bugu a inji da hannu har aka zo zamanin kwamfuta, kuma tsabtar da yake yi wa teburinsa ita ya ɗauko ya kai wa akwatin imel ɗinsa. Kowace yamma kafin ya tashi sai ya share akwatin tas. Abin da ya karanta ya goge, tallace-tallace ya goge, gaisuwar da ba ta ɗauke da aiki ya goge. Sai allon ya nuna masa babu saƙo ko ɗaya, sannan ya rufe kwamfuta ya ɗauki makullin babur ɗinsa.

Sakatariyar da ke zaune a teburin bakin ƙofa ita ce kishiyar halinsa. Ita ke karɓar saƙonnin masu kawo aiki ta tura wa kowane sashe nasa, kuma ba ta goge komai. Wata rana ya leƙa allonta ya ga saƙo dubu huɗu da ɗoriya, ya kama haɓa.

"'Yata, wannan akwati ne ko juji?"

"Baba, ai duk na san inda kowanne yake."

"Haka mai ɗakin da ba a sharewa ke cewa, har ranar da kunama ta harbe shi."

Ta yi dariya, masu injin suka taya ta. Shi ne ya koya mata bambancin takarda mai sheƙi da marar sheƙi lokacin da ta fara aiki, shi ya sa take ce masa Baba, shi kuma yake yi mata tsiya yadda ya ga dama.

Ana nan sai wani asibitin ido ya kawo aikin takardun talla guda dubu biyar. Aka tsara, aka buga, aka yanke, aka ɗaure, direba ya kai. Washegari da hantsi matar da ke kula da asibitin ta iso maɗaba'ar da ɗauri ɗaya a hannu, ta dire shi a teburin Manaja. Lambar wayar da ke jikin takardun tsohuwa ce. Ta ce tun kwana huɗu kafin a buga ta aiko da sabuwar lambar ta imel, an kuma amsa mata cewa an gani.

Manaja ya tara shugaban bugu da sakatariya a ofishinsa, har da mai tsara shafi da masu injin biyu. Sakatariya ta ce lallai saƙon ya zo, kuma ta tura wa shugaban bugu a ranar.

"Ni?" in ji shi. Ya buɗe akwatinsa a waya ya ɗaga wa kowa. "Ku duba. Ni abin da ya shigo nan ba ya kwana ban gan shi ba. Amma wanda ya tara dubu huɗu, ta ina zai san abin da ya tura da abin da ya yi niyyar turawa?"

Ya wanke ta tas a gaban mutane. Ya ce ya sha faɗa mata, ya ce wasa yake yi da ita shi ya sa ta ɗauki maganarsa wasa. Ita dai ta dube shi sau ɗaya, ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai ta sunkuyar da kai. Manaja ya ɗauki shirun nan a matsayin amsa laifi. Kafin azahar an buga mata takardar gargaɗi, ta sa hannu, aka sa a fayil ɗinta. Aka sake buga aikin, magana ta wuce. Ta ci gaba da gaishe shi kowace safiya, sai dai gaisuwar ta gajarce, ya ce a ransa fushin yara ne, zai huce.

Bayan kusan mako uku, wata Talata da safe, matarsa ta bugo masa waya yana tsaye a kan injin yanka. Babbar 'yarsu da ke aure a wani gari mai nisa ta ce ta turo hotunan jaririnta ta imel ɗinsa tun shekaranjiya.

"Malam, ka gani ka yi shiru, ko tsintsiyar taka ta kwashe min jika?"

"Wane irin kwashewa? Bari in duba."

Ya koma ofishinsa ya duba, akwati wayam. Sai ya tuna akwai wurin da saƙonnin da aka goge ke taruwa, wanda aka yi wa hoton kwandon shara. Shi bai cika buɗe shi ba, don a ganinsa abin da aka zubar an zubar. Ya danna. Ga hotunan jikan nan kuwa, tsakanin tallan tawada da na wani kamfanin takarda. Ya yi murmushi ya mayar da su akwati. Da ya rufe a nan da shi ke nan. Amma yatsansa ya ci gaba da gangarawa ƙasa, don mamakin yawan abin da ya zubar, har idonsa ya faɗa kan sunan sakatariya.

Kan saƙon ya ce: "Gyara: sabuwar lambar asibitin ido, kafin a buga." Rubutun baƙi ne ƙirin, irin na saƙon da ba a taɓa buɗewa ba.

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga ya mayar. Saƙon yana nan. Ya duba kwanan wata, kwana huɗu cif kafin a buga aikin, ƙarfe biyar saura kwata na yamma, daidai lokacin da yakan zaɓi komai a dunƙule ya share. Ta gilashin ƙofa yana hango sakatariya tana amsa waya, ta maƙale ta da kafaɗa tana rubutu. Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

A saman shafin akwai wani ɗan rubutu da bai taɓa lura da shi ba: duk saƙon da ya kwana talatin a kwandon zai goge da kansa. Ya ƙirga da yatsu. Yau ashirin da bakwai. Ba sai ya taɓa komai ba ma, in ya naɗe hannu zuwa Juma'a, babu sauran shaida a wajensa. Tunanin ya zo masa da sauƙi, har ya ji ɗan sanyi a ƙirji, kuma wannan sanyin ne ya fi ba shi kunya daga baya. Ya rufe shafin. Ranar bai ci abincin rana ba, ya kuma daka wa mai injin tsawa a kan tawadar da ba ta da laifi. Da zai fita da yamma ya bi ta ƙofar baya, wajen da ake loda takarda, don kada ya wuce teburinta.

A gida matarsa ta kalli hotunan ta yi ta murna, tana cewa hancin na kakansa ne, Allah ya sa dai kada ya ɗauko halin. Da ta ga bai tanka ba ta ajiye wayar.

"Malam, lafiya? Tun da ka shigo kake kallon bango."

Ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya faɗa mata duka, har da kwana ukun da suka rage. Ta gyara zama ta dube shi.

"Yarinyar da ta zo duba ni a asibiti da aka yi min aiki?"

"Ita."

"To me kake so in ce maka? In don ka ji daɗi ne ka faɗa min, ni ba ni aka yi wa laifi ba." Ta tashi ta kwashe kwanuka. Daga bakin ƙofar kicin ta juyo. "Kai da ko cokali aka ajiye a karkace sai ka yi magana."

Washegari ya riga kowa zuwa, ya buga saƙon a takarda. Da Manaja ya iso ya bi shi ofis ya ajiye masa a tebur. Manaja ya karanta, ya dube shi ta saman tabarau, ya sake karantawa.

"Abin ai ya wuce," in ji shi. "An sake bugawa, asibiti sun karɓa. Zan cire takardar daga fayil ɗinta a hankali. Kai babba ne a nan, ba sai yara sun ji ba."

Wannan ma ƙofa ce aka buɗe masa, kuma ya ji ƙafarsa na son bi ta cikinta. Ya girgiza kai.

"Ranka ya daɗe, a gaban yaran na yi mata."

Aka sake tara mutanen nan a ofishin nan. Ya shirya magana mai tsawo a kan hanya, amma da ya miƙe sai ta watse. Ya ce saƙon ya zo masa, shi ya goge bai karanta ba, ita ba ta da laifin komai, abin da ya faɗa a kanta ƙarya ne ko da bai san ƙarya ba ne a lokacin. Ya ƙare da "ki yafe min". Masu injin suka zuba wa takalmansu ido. Mai tsara shafi ya yi tarin da ba na mura ba. Manaja ya zaro takardar gargaɗin ya miƙa mata, ta ninke ta biyu ta riƙe, ta ce ba komai, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Kowa ya koma bakin aikinsa da sauri kamar an kore shi.

Bai iya barin maganar a nan ba. Da aka tafi hutun rana ya same ta ita kaɗai a teburinta.

"'Yata, abu ɗaya nake son tambaya. Ke da ba kya goge komai, ai wanda kika tura yana wajenki."

Ta juyo da allon ta buga kalma biyu. Nan take saƙon ya fito, da ranar da lokacin da sunansa.

"Yana nan, Baba. Ranar ma yana cikin wayata, a hannuna."

"To me ya hana ki nunawa?"

Ta murza gefen takardar da ta ninke.

"Ka riga ka ɗaga waya ka rantse a gaban yaran da kake ba umarni. In na nuna, da wane ido za ka koma ɗakin bugu? Na ce bari in an watse in same ka. To da aka watse ka wuce ni ko kallo babu. Washegari na kawo maka takardun aiki ka ce in je in share jujina tukuna. Sai na bari."

Ya tuna da ya faɗi haka. Har dariya ya yi a lokacin. Ya nemi kujerar baƙi ya zauna. Mako uku yarinyar nan tana rufa masa asiri, shi yana yawo da ƙirji a buɗe yana ba da labarin tsabtarsa.

"Ni na huce," ta ce. "Mamata ce dai. Ita ta ga kwafin takardar gargaɗin a jakata. Kwana biyu ba ta taɓa keken ɗinkinta ba, tana cewa na zubar mata da mutunci a wurin aiki. Na ce mata ba laifina ba ne, ta ce kowane mai laifi haka yake cewa."

Ranar Asabar da hantsi ya sa matarsa ta raka shi. Gidan yana ƙarshen wani layi, bayan shagon mai gyaran fanka, ɗaki biyu da baranda. Sakatariya ta buɗe musu, ta yi turus, sannan ta koma ciki da sauri. Uwar tana zaune a baranda a bakin kekenta, tef ɗin awo a wuya, tsummoki zube a ƙasa. Tsohuwa ce ƙarama mai kaifin ido. Aka gaisa, aka kawo ruwa, aka turo masa kujera, ya ce tabarma ta ishe shi.

"Mama, ni ne shugaban bugu na wajen aikinsu."

"Ashe kai ne." Ta ɗage ƙafa daga kan keken ta zare tef ɗin ta naɗe a hannu. "Ta ce min an cire takardar. Ban gane kan zancen ba, wai saƙo a kwando, wai an goge amma yana nan. Ni ban san imel ba. Ka faɗa min da bakinka yadda zan fahimta, kada ka tsallake komai."

Ya dubi matarsa, ta kau da kai tana duba wani yadi da ke rataye a igiya. 'Yar tana tsaye a bakin ƙofa da tire a hannu. Maƙwabciya ma ta leƙo ta katanga da kwanon wanki, ta ga baƙi, ta ƙi komawa.

Ya gyara zama a kan tabarmar, ya ajiye kofin ruwan, ya fara tun daga ranar da aka kawo aikin asibitin.